Man Giyar Tsohuwar Mota: A Juye Ko A Bar Shi?

Wanda ya sayi motar Kwatano ba ya jiran shawarar kowa a kan baƙin mai. Tun kafin lamba ta fito ya kai ta juye, an canja filta, an zuba sabo, hankalinsa ya kwanta. Man giya ne ke raba kan mutane. In motar otomatik ce, mai ita zai tambayi kanikawa biyu ya ji amsa biyu masu karo da juna, kowannensu kuma yana kafa hujja da abin da idonsa ya gani. Na farko zai zaro geji, ya ga man ya yi duhu, ya ce a juye shi yau ɗin nan tun giyar ba ta tafi ba. Na biyu zai ce, "Alhaji, tunda tana shiga lafiya, kar ka tada zaune tsaye," sannan ya shiga lissafa motocin da suka zo gareji da ƙafarsu don juyen man giya, bayan mako biyu aka dawo da su da igiya.

Ana wannan gardama a Amurka da Turai ma, inda motocin suka fito, amma a Kano da Kaduna da Maraɗi ta fi tsanani saboda irin motocin da ke hannun jama'a. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci miliyan 14 da aka riga aka yi amfani da su, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. Irin wannan mota tana isowa ba littafin gyaran da aka yi mata, lambar tafiyar da ke gaban direba kuma ba abin dogaro ba ce, don an san yadda ake mayar da ita baya. Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake wa laƙabi da Big Daddy, da Accord ta 2003 da ake kira End of Discussion, da Corolla da Peugeot 406, su suka cika tituna da tashoshi. Da yawansu mai yiwuwa man da aka zuba musu a masana'anta shi ne har yanzu ke yawo a cikin giyarsu. Mai motar bai sani ba, bakanikensa ma bai sani ba.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne aikin da man ke yi. A giyar hannu, aikinsa bai wuce hana haƙoran ƙarfe cin juna ba. A otomatik kuwa shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin konbata, wani dunƙulen ƙarfe mai fukafukai a ciki wanda ke watsa man daga gefen inji zuwa gefen giya. Famfo kuma yana tura shi da matsi ta siraran hanyoyin gidan bawul domin ya danne faifan kulochin da kowace giya ke buƙata. Waɗannan faifan, da kanikawa ke kira faiba, siraran ƙarafa ne da aka manna wa wani abu irin na takarda mai tauri, kuma a jiƙe cikin mai suke aiki. Dole man ya bar su su kama juna ba fizga ba santsi, kuma sinadaran da aka haɗa a cikinsa ne ke daidaita hakan. Bayan duk wannan, shi ke kwasar zafi ya bi bututu zuwa lagireto, ya huce, ya dawo.

Masu cewa a bar shi ba da ka suke magana ba, kuma duk wanda ya raina hujjarsu bai zauna a gareji ba. Ta farko a kan faiba take. Idan giya ta yi kilomita 200,000 ko 300,000 ba a taɓa juye mata mai ba, fuskar faiba ta cinye, garin da ya goge daga jikinta kuma yana nan yana yawo cikin man. Wannan gari yana ba man kauri da ɗan kaushi, har ya taimaka wa faifan da suka yi sumul su ci gaba da kama juna. Robobin da ke riƙe matsi su ma sun bushe sun taurare, kaurin man ne ke rage yoyon da suke yi. Ranar da aka zubar da shi aka zuba sabo mai tsabta, faiban da dauɗa ke tallafa wa sai ta fara zamewa. Direba ya taka totur, inji ya yi kuka, mota ta ƙi gaba.

Suna kuma tsoron dauɗar da ta kwanta. Tsohon mai da zafi ya dafa yana barin wani ɓawo mai ruwan ƙasa a jikin ƙarafa, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Sabon mai yana ɗauke da sinadarin wanki, don haka yakan fara ɓamɓare ɓawon, kuma gutsure ɗaya ya isa ya maƙale a bawul ko ya toshe ragar solinoyid. Giyar da jiya take canjawa lami lafiya sai ta fara bugawa, ko ta tsaya cak a giya ta uku ta ƙi sauka ta ƙi hawa.

Sannan suna da shaidar kamfanoni. A 1996 Mercedes ta fito da giyarta mai lamba 722.6 ba geji, an toshe bakin bututun da murfi mai kulle, aka ce man da ke ciki ya isa har ƙarshen rayuwar giyar. BMW ta faɗi irin haka. Peugeot ma haka ta ce game da giyar AL4 da ke cikin 406 da 307 masu otomatik, motocin da mutanen Kaduna suka sani sarai saboda masana'antar PAN da ke Kakuri. Toyota, bayan ta kawo manta na WS, ba ta sa canjin man giya a jadawalin tuƙin yau da kullum na Amurka ba. In wanda ya ƙera abu ya ce kar a buɗe, in ji masu wannan ra'ayi, wane ne bakaniken bakin titi da zai ce a buɗe?

Ga kuma lissafin aljihu. Giyar Kwatano a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ta ninka kuɗin juye sau da yawa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka ƙara tashi. Direban haya da ke ciyar da gida da wannan mota, in ya ji cewa akwai ko da ɗan hatsari a juye, yana da dalilin da zai ja da baya. Ba ya son garin neman gira ya rasa ido.

Masu cewa a juye daga zafi suke farawa. Giya tana jin daɗin aiki idan man yana wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma masu gyaran giya sun daɗe da wani kiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan haka yana rage rabin kwanan man. To, a watan Afrilu iskar Kano da Sakkwato da Yamai ita kanta tana haura digiri 40. A haɗa da cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da safe, ko na Kurna a kan titin Katsina, inda mota ke tsaye tana cikin giya, ƙafa a kan burki, iyakwandishan a kunne, konbata tana ta markaɗa mai ba iskar da ke bugun lagireto. A haɗa da Sienna da aka cika da fasinja da buhuna tana haura tudun da ke kai wa Jos. Man da ke shan wannan wuya da farko yana tsinkewa, sinadaran da ke daidaita kamun faiba suna ƙarewa, daga baya ya dahu, ya yi tsami, ya cika da dauɗa.

Nan ne hujjar masu hanawa ke juyowa kansu. Ɓawon da suke tsoron ya ɓamɓare, da robar da ta taurare, da faiban da ta cinye, duk tsohon man ne ya haifar da su ko ya gaggauta su. Barin sa a ciki ba ya tsayar da ɓarnar, tana ci gaba a ɓoye, kuma giyar da yau za ta karɓi sabon mai lafiya, bayan shekara biyu tana iya shiga sahun waɗanda ba za su karɓa ba.

Shaidar kamfanonin ma ba ta tsaya yadda aka faro ta ba. Mercedes daga baya ta koma tana ba da shawarar a juye man 722.6 a kilomita 60,000. Kamfanin ZF na Jamus, wanda shi ya ƙera da yawa daga giyoyin da ke cikin BMW, ya ba da shawarar a canja mai tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8, ga motar da ke aikin wahala. Peugeot ta sa wa kwamfutar AL4 wani ma'auni da ke ƙirga gajiyar mai gwargwadon zafin da ya sha, wanda ke nuna cewa injiniyoyinta sun san man na tsufa. Toyota kuma a wannan jadawalin nata ta ce motar da ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi a canja mata mai a mil 60,000, wato wajen kilomita 96,000. Duk wanda ya san yadda ake lodi a tashoshin arewa ya san a wane rukuni motocinsu suke. Kamfanin da ya yi alkawarin mai na har abada bai yi shi da tunanin motar da za ta kai shekara 20 a hannun mai ita na huɗu a Sakkwato ba.

Saura motocin da aka dawo da su da igiya. Abin ya faru, ba ƙarya ba ne. Amma yaushe mutum ke tunawa da man giya? Galibi sai ranar da ya sa ribas da safe motar ta yi jim kafin ta kama, ko ta fara fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku. Wato ciwon ya riga ya bayyana kafin a kwance noti, juye aka nema a matsayin magani, da giyar ta ƙarasa mutuwar da ta riga ta fara sai laifin ya hau kan sabon mai. Motocin da aka juye musu suna ƙalau suka ci gaba da tafiya ƙalau, ba mai ba da labarinsu a majalisa, don ba su koma gareji ba. Wasu giyoyin ma da rauninsu suka fito daga masana'anta. A 2004 Honda ta yi wa motoci fiye da miliyan 1 kiranye a Amurka, ciki har da Accord mai silinda 6 da Odyssey da Pilot, saboda haƙorin giya ta biyu yana ɗaukar zafi don mai ba ya isarsa sosai, aka ƙara wa waɗanda ba su lalace ba ɗan bututu mai fesa mai a wurin. Irin wannan giya in ta tsaya bayan juye, da wuya a ce juyen ne sanadi.

Duk da haka, masu hanawa suna da gaskiya a kan wani rukuni ƙarami, wato giyar da faibanta ya riga ya ƙare, take tafiya da taimakon dauɗa. Sabon mai ba shi ya lalata ta ba, tona asirinta ya yi. Sai dai ga mai motar wannan bambanci ba ya rage masa zafi, domin wata shida da za ta ƙara yi tana kai yara makaranta abu ne mai daraja. Kuskuren shi ne ɗaukar hukuncin wannan rukuni a shimfiɗa shi kan kowace tsohuwar mota.

Rabin rikicin ma daga haɗa ayyuka biyu daban a baki ɗaya yake tasowa: juye, da wankin giya da na'ura, wanda ake kira fulashin. A juye, noti ake kwancewa a bar abin da zai zuba ya zuba, a mayar da daidai shi. Littafin Accord mai silinda 4 ta 2003 zuwa 2007 ya ce giyar tana ɗaukar lita 6.5, amma a juye lita 2.8 kawai ke fita, sauran yana maƙale a konbata da bututai da gidan bawul. Bayan juye ɗaya ke nan kashi 57 cikin 100 na man tsohon ne. A na biyu ya sauka zuwa kashi 32, a na uku 18, a na huɗu wajen 10. Masu na'ura suna ganin wannan a matsayin rauni, suna cewa an sayi mai mai tsada an cakuɗa shi da gurɓatacce. Ga tsohuwar giya kuwa nan ne alherin yake, domin canjin yana zuwa mata sannu a hankali, kuma bayan kowane zagaye ana iya tsayawa a saurari yadda take shiga kafin a ƙara. Honda da kanta hanyar da ta rubuta a littafin ke nan idan ana son sabunta man sosai: a juye, a ɗan zaga da motar, a maimaita sau uku, sannan a yi juye na ƙarshe.

Na'urar wanki kuma a bututun da ke zuwa lagireto ake jona ta, tsohon mai yana fita ta gefe guda, sabo yana shiga ta ɗaya, har sai abin da ke fitowa ya yi ja. Cikin ƙasa da awa ɗaya kusan duk man ya canja. Masu kare ta suna cewa na'urori da yawa ba su da wani matsi nasu, famfon giyar ne ke tura man yadda ya saba, kuma wannan gaskiya ne. Ga motar da aka san tarihinta, ake kula da ita a kan kari, irin wannan musanya ba abin tsoro ba ce. Matsalar tana wajen sinadarin wanki da wasu ke fara zubawa, wanda aikinsa ke nan ya narkar da ɓawon shekara 15 cikin minti kaɗan ya sake shi cikin hanyoyin da ba sa jure ƙwayar yashi. Honda ta gargaɗi wakilanta da kada su yi amfani da irin waɗannan na'urori da sinadarai a giyoyinta. Kuma tunda na'urar ba ta buƙatar a sauke kwanon da ke ƙasan giya, a mota irin Camry ko Corolla tsohuwar raga tana nan a toshe, maganaɗisun da ke kwanon yana nan da dauɗarsa, bakanike kuma ya rasa damar ganin abin da giyar ke zubarwa. A kan motar da ba a san tarihinta ba, juye a hankali ya fi wanki hujja nesa ba kusa ba.

Akwai inda musanya gaba ɗaya ta zama dole, wato idan ruwa ya shiga. Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi suna a kan haka, domin bututun man giya da ke cikin lagireto yakan fashe, ruwa ya haɗu da mai ya koma launin hoda mai kumfa. Motocin da ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 ta shanye, da waɗanda ake sayowa daga gwanjon motocin ambaliya a Amurka, duk suna fuskantar wannan, don giya tana da ƙaramar kafar shaƙar iska da ruwa ke bi. Ruwa yana sakin mannin faiba, saboda haka barin rabin gurɓataccen mai a ciki ba dabara ba ce. Ko an musanya ma, in motar ta yi tafiya mai nisa a haka, ba lalle giyar ta tsira ba.

Amma a garejojin ƙasar nan akwai abin da ya fi duk wannan kashe giya, kuma gardamar juye takan rufe shi: abin da aka zuba. General Motors ce ta kawo ma'aunin Dexron a 1967, kuma shekaru da yawa jan mai na Dexron II ko III yana shiga yawancin giyoyi. Kanikawan da suka koyi aiki a wancan zamani sun taso da cewa jan mai duk ɗaya ne, suka koya wa yaransu haka. Jan kuwa rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai. Big Daddy man Toyota T-IV take sha. Camry ta 2007 zuwa sama, wadda ake kira Muscle, WS take sha, wanda ya fi tsinkewa, kuma Toyota ta ce kada a sa ɗaya a madadin ɗaya. Honda tana da Z1, wanda DW-1 ya gaje shi, kuma littafinta ya yarda da Dexron III ne kawai na ɗan lokaci in an rasa nata, da sharaɗin a fitar da shi daga baya. AL4 ta Peugeot man LT 71141 aka yi ta da shi. General Motors ma ta daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006, don haka galan da ke ɗauke da wannan suna a yau ba ya ƙarƙashin binciken kamfanin. Idan aka zubar da tsohon man asali aka zuba wanda bai dace ba, giya ta fara rawa ko bugawa, mai motar zai tafi da darasin cewa juye ne ke kashe giya.

Abin ya fi muni a giyar CVT, mai tafiya da bel ɗin ƙarfe tsakanin ƙafafu biyu, irin wadda Nissan ta fara sa wa Murano a 2003 da Altima a 2007, da ta yawancin Corolla na Amurka daga 2014. Man da take sha daban ne gaba ɗaya, jan man gargajiya kuma yana iya sa bel ɗin ya zame ya ci ƙafafun. Ga kuma jabu. Galan mai tambarin kamfani da ake sayarwa a rabin kuɗin da wakili ke sayarwa ya isa ya sa mai saye ya tsaya ya yi tunani.

Ko man ya dace, awo na iya ɓata aikin. In ya yi kaɗan, famfo ya ja iska, matsi ya faɗi, faiba ta zame ta ƙone. In ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi. Toyota mai geji ana auna ta inji na aiki, mota ta ɗauki zafi, a wuri mai daidai. Honda kuwa sai an kashe inji, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wanda ya auna Honda da hanyar Toyota ya yi awon banza. Muscle mai silinda 6 ba ta ma da geji, ta wani noti a ƙasa ake daidaita man, kuma sai zafinsa yana tsakanin digiri 40 da 45, abin da ke buƙatar na'urar karanta kwamfutar mota. Mafi ƙarancin abin da mai mota zai nema shi ne a tari abin da ya zuba a jarka mai awo, a gwada shi a gabansa, a mayar da daidai shi.

Kafin a kai nan, man da kansa yana ba da labari ga mai son ji. A ɗiga shi a kan farar takarda. In ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, ya bazu ba gari, ba ƙauri, giyar kuma tana shiga ba jira, juye ɗaya da man da ya dace kulawa ce ta yau da kullum, kuma a wannan zafi bai kamata a wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000 ba a sake ba. In ya yi duhu sosai amma ba ya ƙauri, giyar kuma lafiya lau, wannan ce motar da ake gardama a kanta, kuma hujja ta fi karkata ga a juye mata sau ɗaya, a yi mako biyu ko uku ana tuƙi ana saurare, sannan a ƙara. A lokacin juyen a duba maganaɗisun da ke jikin notin Honda ko a kwanon Toyota. Laushin toka da ke shafuwa a yatsa kamar ba komai, cin ƙarfe ne na al'ada. Ɓarɓashi mai ƙyalli da ke sukar yatsa, ko baƙaƙen gutsattsari a gindin kwano, alama ce cewa wani abu yana rugujewa a ciki.

Motar da manta ya yi baƙi ƙirin, yana ƙaurin ƙuna, tana kuma zamewa in ta ɗauki zafi, ita ce wadda bakanike na biyu ya yi gaskiya a kanta. Juye ba zai warkar da ita ba, wanki kuma yana iya kwantar da ita a ranar. Bakanike mai amana zai gaya wa mai ita haka kai tsaye, ya cika man zuwa awo da irin wanda ya dace, ya duba fanka da lagireto, ya ce a rage lodi, a fara tara kuɗin sabon faiba da robobi ko na wata giyar. Ranar da za a ɗaura wata kuma akwai wankin da ɓangarorin biyu ba sa jayayya a kansa, na bututai da sashen lagireto da man giya ke bi, domin garin giyar da ta mutu yana nan kwance a ciki, kuma da an tada inji zai kwarara cikin wadda aka saya. Ita ma giyar Kwatanon ba a san tarihinta ba, don haka a sauke kwanonta a duba, a canja raga, a juye abin da ya rage a konbata, a rubuta kwanan wata da lambar tafiya da sunan man da aka zuba a ajiye cikin takardun motar.